Harsashi Ɗaya a Aljihun Barney

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran rediyo ya san rabin kayan da ke jibge a ciki ba su da mai su. A kawo gyara, a ce gobe za a dawo, shi ke nan. A shagon maigidana na farko, can wajen shataletalen Mokola, akwai wani kwali cike da kaset ɗin bidiyo da wani Bature ɗan Amurka ya bari tare da na'urarsa, ya ce zai aiko a karɓa. Har maigida ya koma ga Mahaliccinsa, Allah Ya jiƙansa, ba wanda ya zo. Mu yaran shago muka ci gado tun mai kaya yana da rai. In NEPA ta yi mana adalci, bayan isha'i sai mu ja ƙofa, mu bar 'yar kafa don iska, mu sa kaset.

Yawancinsu wasa ɗaya ne. Hoto baƙi-da-fari, ana buɗewa da fito, ga wani mutum da ɗansa suna tafe a hanyar daji da sandunan kamun kifi, yaron ƙafa ba takalmi, ya ɗauki dutse ya jefa a ruwa. Turancinsu irin na jihohin kudu na Amurka ne, a ja kalma kamar ana jan danƙo, ko rabi ba ma ji. Amma ba sai ka iya Turanci ba kafin ka yi dariyar wani siririn ɗan sanda mai manyan idanu, yana kiciniyar zaro bindiga hannunsa na karkarwa. Har yau in na shagala sai in ji ina yin fiton nan, uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, fito da magariba?"

Watan jiya ciwon ƙafa ya kwantar da ni mako uku, ɗana ya sauko mini da wasan a waya. Na kalli kashi sama da sittin, wannan karon ina jin abin da suke faɗa. Na yi dariyar da na yi a da, har ma fiye. Sai dai na tashi da wata damuwa da ban san da ita ba ina ɗan shekara sha bakwai, kuma ita ta sa na ɗauki biro, don ta shafi duk mai kwana a Sabo.

Sunan wasan The Andy Griffith Show. Gidan talabijin na CBS ya fara nuna shi ranar 3 ga Oktoba 1960, kwana biyu bayan an sauke tutar Ingila a Legas, ya ci gaba har 1 ga Afrilu 1968. Kashi 249 aka yi cikin zango takwas, 159 baƙi-da-fari, sauran 90 masu launi. A zangonsa na ƙarshe shi ne na ɗaya wajen yawan masu kallo a Amurka, aka rufe shi yana kan ganiyarsa. Labarin wani ƙaramin gari ne a jihar Karolina ta Arewa mai suna Mayberry, da shugaban 'yan sandansa Andy Taylor, abin da suke kira sherif, muƙamin da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Matarsa ta rasu, yana zaune da ɗansa Opie da gwaggonsa Bee. Mataimakinsa ɗaya ne tilo, Barney Fife, wannan mai manyan idanun. A farkon wasan ma an nuna Barney ɗan'uwansa ne na jini, ka ga ko a can ɗan'uwa ke ba ɗan'uwa aiki.

Mayberry babu shi a taswira. A Kalifoniya aka gina titunansa da katako. Amma garin Mount Airy, inda aka haifi Andy Griffith a 1926, ya rungumi sunan ya mai da shi abin neman abinci. Duk watan Satumba ana biki, mutane su zo daga nesa, a ɗauke su cikin tsofaffin motocin Ford da aka yi wa fentin motar 'yan sanda, a zaga da su, su shiga shagon aski su ɗauki hoto. Suna begen garin da ba a taɓa yi ba. Shi kansa Griffith ya faɗa cewa ko da yake a shekarun 1960 aka yi wasan, yanayin da suka sa masa na shekarun 1930 ne, lokacin yarintarsa. Ashe tun ranar da aka fara nuna shi, masu kallon farko ma kewar da suke yi.

Bari in fara da ba wasan haƙƙinsa, don ya cancanta.

Andy ba ya ɗaukar bindiga. Barney yana ɗauka, amma fanko ce. Harsashi ɗaya Andy ya yarje masa, shi ma a aljihun riga zai ajiye shi, a maɓalle, saboda duk sa'ad da ya sa shi a bindiga sai ya harbi daɓen ofis ko rufi. A kan wannan harsashi aka gina rabin dariyar wasan, kuma ban san wani wasan barkwanci da ya kama halin ƙaramin ma'aikaci mai kaki kamar yadda wannan ya kama ba. Barney ba mugu ba ne. Matsoraci ne da aka sa wa hula. Ya haddace lambobin doka, yana son a sara masa, yana ganin babban ɓarawo a fuskar kowace tsohuwa da ta ajiye mota ba daidai ba. Akwai kashin da Andy ya yi tafiyar yini ɗaya ya bar masa gari, ya dawo ya tarar ya kulle kusan kowa, har da Gwaggo Bee da magajin gari. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Don Knotts, wanda ya fito a Barney, ya ci lambar Emmy sau biyar a kan wannan rawar, kuma ko ɗaya ba a yi masa alfarma ba. Ka dubi yadda yake jan wando sama, ya shaƙi iska ta hanci, ya buɗe ƙirjin da babu komai a cikinsa sai ƙashi. Mun san mutumin nan. Mun gamu da shi a shinge, a ƙofar banki, a bakin asibiti, har a kwamitin masallaci.

Abin da ya fi burge ni a wannan kallon shi ne abin da Griffith ya yi da kansa. A zangon farko shi ma wawan ƙauye yake fitowa, baki har kunne, magana da ƙarfi. Da ya ga Knotts ya fi shi iya ba da dariya, sai ya janye, ya koma mai hankalin da ake yin shirme a gabansa. Wasan da sunansa, amma ya bar wa wani dariyar. Masu shirya mana wasannin barkwanci su duba wannan, don a namu sau da yawa jarumi ne zai yi shirmen, shi zai yi wa'azin, shi kuma zai auri yarinyar. Shaidar cewa dabarar ce ke riƙe da wasan ita ce abin da ya faru bayan Knotts ya tafi a 1965. Launi ya shigo, dariya ta ragu, Andy ya zama wani mai yawan tsaki kamar wanda ake bi bashi. In za ka kalla, ka tsaya a baƙi-da-fari.

Aikin Andy na gaskiya, in ka lura, rufin asiri ne. Ba kama ɓarayi ba, don babu su sosai. Barney ya yi kwaɓa, Andy ya gyara a ɓoye ya bar masa yabon. Akwai Otis, mashayin gari, wanda in ya yi tatul sai ya kawo kansa caji ofis, ya ɗauki mabuɗi a jikin ƙusa, ya buɗe bayan kanta, ya shiga ya kulle kansa, ya miƙa hannu ya mai da mabuɗin. Gari ya waye ya buɗe ya tafi gida. Gwaggo Bee ce ke dafa wa 'yan bayan kanta abinci, ta kawo a kwando da mayafi a kai. A kashin Kirsimeti na 1960, wani tsohon attajiri mai baƙin rai, Ben Weaver, ya tilasta wa Andy ya kulle wani talaka da ke dafa giya a ɓoye. Doka na gefen tsohon, Andy bai ƙi ba. Sai ya kwaso matar mutumin da 'ya'yansa ya "kama" su su ma, aka kawo abinci aka yi bikin a ofis. Tsohon yana leƙe ta taga, kaɗaici ya ishe shi, ya dinga aikata ƙananan laifuka don a kama shi ya samu shiga. Na kalli wannan sau uku, kuma ba na jin kunyar cewa na share ido.

Har wajen tarbiyya haka yake. Opie ya harbe uwar tsuntsaye da danƙo bayan an gargaɗe shi. Andy bai ɗauki bulala ba. Ya shiga ɗakin yaron ya buɗe taga, ya bar shi ya kwana yana jin kukan 'ya'yan da ke jiran uwar da ba za ta dawo ba. Da safe yaron ya ɗauki nauyin ciyar da su har suka yi fiffike. Yaron nan, Ron Howard, shi ne ya girma ya zama babban mai ba da umarni a fim har ya ci Oscar.

Kuma sau ɗaya aƙalla wasan ya taɓa abin da mu a nan sai dai mu yi mafarkinsa. Barney ya rubuta wa Gomer, yaron gidan mai, takardar tara don ya juya mota a tsakiyar titi inda doka ta hana. Yana gamawa ya shiga motar 'yan sanda ya yi irin wannan juyin. Gomer ya bi shi da ihu a gaban jama'a, yana cewa shi ma a matsayinsa na ɗan ƙasa ya kama shi. Andy ya zo, ya saurara, ya ce wa mataimakinsa ya rubuta wa kansa takarda. Ranar da muka kalli wannan a shago, maigida yana nan. Ya kalli allon ya girgiza kai ya ce, "Ku yara, wannan fa tatsuniya ce. Ku dai kada ku gwada."

To, ga inda damuwar tawa ta faro.

Kafin a fara wasan an gwada shi a cikin wani wasan daban, The Danny Thomas Show, a watan Fabrairu 1960. Ɗana ya haɗo mini da wannan kashin, ban taɓa ganinsa ba. Wani mawaƙi daga New York ya biyo ta Mayberry da iyalinsa a mota. Andy ya tsare shi, wai ya wuce allon tsayawa, a wurin da ko mararraba babu. Baƙon ya ce a kai shi gaban alƙali. Andy ya zauna a kujera, ya canza allon da ke kan tebur, ya zama alƙali. Ya ce zai kai ƙara gidan jarida, ashe editan ma Andy ne. Da baƙon ya zaro damin kuɗi zai biya ya wuce, Andy ya ga kaurin damin, nan take tara ta haura. Masu kallo a Amurka sun yi dariya, don an nuna baƙon mai girman kai ne, ɗan birni da ya raina ƙauye. Ni ban iya dariya ba. Duk direban da ya taɓa ɗauko albasa daga Aliero ko shanu daga Maigatari ya nufo kudu ya san wannan tebur, ya san wannan allon, ya san yadda ido ke bin hannunka in ka sa shi a aljihu. Ashe irin da aka shuka Mayberry da shi ke nan: baƙo a hannun hukumar da ita ce mai kamu, ita ce mai shari'a, ita ce mai ba da labari.

Daga nan sai na koma kallon sauran da wani ido, ina tambayar kaina, in da ni ne na sauka a garin nan, wane ne ni a cikinsu? Ba Otis ba ne. Otis yana da mabuɗi ne don an san uwarsa da ubansa, an san matarsa, an san ba inda za shi. Alfarmar da ake yi masa ta ɗan gari ce. Waɗanda ke shigowa daga waje kuwa, in ka ƙirga, yawancinsu 'yan damfara ne, ko ɓarayin da suka tsere daga kurkuku, ko manyan jami'ai masu raina mutane, ko mai gaggawar da za a koya wa zama. Akwai kashin da wasu manoma biyu suka tsaya da mota a bakin titi suna sayar da kayan gona, dokar gari ta hana. Barney ya kore su suka yi masa dariya. A ƙarshe ya tattaro ƙarfin hali ya tsaya gabansu, ya ce sun fi shi girman jiki amma tambarin da ke ƙirjinsa na jama'a ne masu yawa. An shirya wurin don ka ji tsigar jikinka ta tashi, kuma ta tashi. Sai daga baya na tuna cewa ni ɗan masu kasa kaya a bakin titi ne. Ba wanda ya tambayi manoman ina za su kai tumatirinsu kafin ya ruɓe. A 1966 kuma aka yi kashin da wasu Jipsi, mutanen nan masu yawo da ke kiran kansu Roma, suka yada zango a gefen gari. An nuna su macuta, masu sayar da jabu da tsoratar da mutane da tsafin ƙarya, Andy ya ce su tattara su bar gari. Ba a nuna mai kirki ko ɗaya a cikinsu ba.

Sai babban giɓin, wanda Amurkawa da kansu sun daɗe suna magana a kai. A 1960 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Karolina ta Arewa baƙar fata ne. Gaskiya ne yankin duwatsu inda Mount Airy yake ba su da yawa kamar gabashin jihar, amma akwai su. Cikin kashi 249, baƙar fata ɗaya ne aka ba rawar da ya buɗe baki ya yi magana a matsayin mutum mai suna, Rockne Tarkington, wanda ya fito a mai koyar da ƙwallo a 1967. Sauran sai dai ka hango su a bayan taro suna wucewa. Kuma ka dubi lokacin. Ranar 1 ga Fabrairu 1960, mako biyu kafin a nuna wancan kashin gwaji, ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth a Greensboro, inda aka haramta wa irinsu zama, suka ƙi tashi. Daga Greensboro zuwa Mount Airy bai kai nisan Ibadan zuwa Legas ba. A watan Yuni 1964, a jihar Misisipi, wani mataimakin sherif na gaske, Cecil Price, ya tsare matasa uku masu fafutukar 'yancin baƙar fata da sunan gudun wuce ƙa'ida, ya sake su da dare, ya bi su ya miƙa su ga 'yan Ku Klux Klan. Sai bayan kwana 44 aka tono gawarwakinsu. Shi ma ƙaramin gari ne, shi ma ya san kowa da sunansa. An nuna kashin ƙarshe na wasan ranar 1 ga Afrilu 1968, ranar 4 ga wata aka harbe Martin Luther King.

Ba ina cewa wasan barkwanci sai ya zama labaran duniya ba. Mu ma da muke kallon Samanja ba mu nemi ya ba mu tarihin juyin mulki ba, dariyar bariki muka je nema, muka samu, Allah Ya jiƙan Usman Baba Pategi. Amma akwai bambanci tsakanin wasan da ya yi shiru a kan wata magana da wasan da zaman lafiyarsa ya dogara da rashin wasu mutane. Mayberry ta zauna lafiya ne don an riga an tace ta. Ɗan sanda ba ya bukatar bindiga a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, coci ɗaya, harshe ɗaya, launi ɗaya. Gwanintar da ba a nuna mana ba ita ce ta riƙe gari irin Ibadan.

Abin da ya sa wannan ya wuce hirar talabijin shi ne maganar 'yan sandan jihohi da ake ta yi. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, ana kuma ta neman a gyara shi. Tun Janairu 2020 aka ƙaddamar da Amotekun a garin nan. Hujjar masu neman gyaran, in ka saurara da kyau, Mayberry ce: a ba mu ɗan sanda ɗan gari, wanda ya san lungu, ya san harshe, ya san ɗan wane ne wane. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Wanda aka turo daga nisan kilomita dubu, bai san kowa ba, ba ya jin kunyar kowa, mun ga aikinsa. Amma mu da ake ce wa baƙo raɓa ɗan gari kaba, dole mu yi tambayar da Otis ba ya bukatar yi. An kafa Sabo a 1916. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya, yaranmu da yawa Yarbancinsu ya fi Hausarsu gudu. Ranar da za a ɗauki 'yan sandan jiha, in aka ce a kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wace yaron Sabo zai kai? Dattawanmu kuma ba su manta da 'yan doka na En'e ba, yadda aka yi amfani da su a kan 'yan NEPU a Arewa, da yadda 'yan sandan ƙananan hukumomi suka yi wa 'yan adawa a nan Yamma, har sojoji suka narkar da su cikin rundunar tarayya bayan 1966. Su ma 'yan gari ne, sun san kowa. Sanin ne ma ya sa suka san ƙofar da za su buga.

Na ga irin aikin Andy a garin nan da idona, kada a ce ban faɗa ba. Shekarun baya an yi kamen kan-mai-uwa-da-wabi, aka haɗa da yaron maƙwabcina. Muka bi wani dattijo zuwa caji ofis. Babban jami'in, Bayerabe ne da ya yi aiki a Arewa, ya miƙe ya gaishe shi da Hausa, ya ce, "Baba, in kai ka tsaya masa, ya tafi." Ko sisi ba a karɓa ba. Muna fita na waiga, akwai wasu yara huɗu a bayan kanta, 'yan ci-rani ne da ba su fi wata biyu da zuwa ba, masu tura baro. Ɗaya ya kira mu da Hausa, "Alhaji, don Allah mu ma." Dattijon ya ce bai san su ba. Gaskiya ya faɗa, bai san su ba. Ni ma ban ce komai ba, muka tafi. Ban san yadda aka ƙare da su ba, kuma sai da nake kwance ina kallon Otis yana miƙa hannu ga mabuɗi fuskar yaron nan ta dawo mini.

Don haka kafin mu nuna wa masu masaukinmu yatsa, mu ma muna da tamu Mayberry a cikin Sabo. Akwai 'yan gida, akwai "waɗannan yaran da ke zuwa". In an yi sata mu ne farkon cewa su ne. Da rikicin Shasha ya tashi a Fabrairu 2021, wuta ba ta tambayi wanda ya shekara hamsin da wanda ya zo jiya ba, a tsakar gida ɗaya aka kwana a gidan Sarkin Sasa. Kuma in mun zauna muna begen gida, muna cewa a garinmu da ba a kulle ƙofa, Sarkin Dogarai da sanda kawai yake yawo, ya kamata wani ya tambaye mu yadda mutumin Sabon Gari ya ji a wannan zamanin.

Abu ɗaya daga tarihin can ya tsaya mini a rai. Jim Clark, sherif ɗin Selma a jihar Alabama, wanda mutanensa suka bi masu zanga-zanga da dawakai da kulake a kan gada ranar 7 ga Maris 1965, ba wa'azi ne ya sauke shi ba. An yi dokar kare 'yancin zaɓe a watan Agusta na shekarar, baƙar fata suka yi rajista da yawa, a 1966 ya faɗi zaɓe. Mu kuwa har yanzu akwai masu shiga mota su tafi Kano ko Sakkwato jefa ƙuri'a, su bar kansilan da zai yi hukunci a kan rumfarsu a zaɓe shi ba da su ba.

Duk da haka ba zan ce kada a kalla ba. Ni kam zan ci gaba, fiton ma ba zan daina ba. Kuma adalci ne in faɗi cewa marubutan sun taɓa hango matsalar da kansu, sau ɗaya, a kashi na 12, wanda aka nuna a ƙarshen Disamba 1960. Wani mutum mai suna Ed Sawyer ya sauka daga bas, ya shiga shagon aski, ya gai da kowa da sunansa. Ya san ciwon wane, ya san sana'ar wane, har tagwayen da mutanen gari ke kasa bambantawa ya bambanta su. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Gari ya tsorata, Barney ya ce ɗan leƙen asiri ne. Ya nemi sayen gidan mai, ya nuna yana son wata yarinya, abin ya ƙara dagulewa, jama'a suka taru za su kore shi. Ashe mutumin ba shi da kowa ne a New York. A soja ya zauna da wani ɗan Mayberry yana ba shi labarin gida, ya ji ya kamu da son garin, ya dinga sayen jaridarsu ta gidan waya yana haddace sunaye, har ya fara ce wa mutane shi ɗan can ne. Andy ya tsaya gaban taron ya ba su kunya, ya ce laifin mutumin nan kawai shi ne ya so garinsu tun kafin ya gan shi. Suka sunkuyar da kai, aka miƙa masa hannu, aka ce ya zauna.

Na ce wa ɗana ya nemo mini kashin da Ed Sawyer ya sake fitowa, in ga yadda zaman ya kasance, ko ya samu gidan man, ko an ba shi yarinyar. Ya duba ya duba ya ce, "Baba, babu fa." Kashi 237 aka yi bayan wannan, ba a sake ganinsa a shagon aski ba, ba a gan shi a coci ba.